Rigimar "Masallacin Ground Zero": Me Ya Faru, Kuma Me Ya Sa Ake Zargin Masu Ra'ayin Riƙau da Baki Biyu?

Shin da gaske ne Musulmin Amurka sun taɓa yunƙurin gina masallaci a kan kangon tagwayen benayen da aka rusa a harin 11 ga Satumba na 2001? In kuwa da gaske ne, wa ya hana su?

Tsohuwar maganar ta sake ɗagowa ne a lokacin yaƙin neman zaɓen magajin garin New York na 2025, wanda Zohran Mamdani ya lashe, ya zama Musulmi na farko da ya hau wannan kujera. Wasu abokan hamayyarsa sun yi ta jingina sunansa da harin, sai mutane suka tuna cewa ai an taɓa yin irin wannan kiɗan a 2010. A wajenmu kuwa labarin ya kasu gida biyu. Wasu na cewa gwamnatin Amurka ce ta hana Musulmi gina masallaci. Wasu na cewa Musulmin ne suka tsokano tsuliyar dodo, suka je za su kafa hasumiya a inda aka kashe mutane kusan dubu uku. Duka biyun ba haka abin yake ba. Ginin ba a kan kangon yake ba, babu hukumar da ta hana shi, amma kuma ba a yi shi ba.

## Mene ne aka so ginawa, kuma a ina?

Ground Zero suna ne da aka laƙaba wa filin da Cibiyar Kasuwanci ta Duniya take kafin a ruguza ta, a kudancin tsibirin Manhattan. Wurin da ake rigima a kansa kuwa yana kan wani titi mai suna Park Place, lamba 45 zuwa 51, layi biyu daga gefen filin, tazarar kimanin mita 180. A unguwar da benaye suka cunkushe kamar wannan, wanda ya tsaya a ƙofar ginin ba ya hango filin.

Tsohon gini ne tun na shekarun 1850, kuma kantin sayar da tufafi ne na kamfanin Burlington Coat Factory. Ranar harin, wani ɓangare na ɗaya daga cikin jiragen ya faɗo ya fasa rufinsa, daga nan aka rufe shi, ya yi shekara takwas babu kowa a ciki. A watan Yulin 2009 wani ɗan kasuwar gidaje, Sharif El-Gamal, ya saye shi da kamfaninsa Soho Properties a kan dala miliyan 4.85. Kafin ƙarshen shekarar har an fara sallar Juma'a a ciki, saboda masallatan unguwar sun yi wa jama'a kaɗan.

Shirin shi ne a rushe shi a gina bene mai hawa 13 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 100. A ciki za a sa babban ɗakin taro mai kujeru 500, wurin ninƙaya, wurin motsa jiki, filin ƙwallon kwando, makarantar koyon girki, wurin renon yara, wurin tunawa da waɗanda suka mutu a harin, sannan da wurin sallah da zai ɗauki mutum fiye da dubu. Masu shirin sun ce sun kwaikwayi cibiyoyin al'umma irin na Yahudawan New York ne, waɗanda kowa ke shiga ba tare da an tambaye shi addininsa ba. Babu hasumiya ko ƙubba a zanen.

To masallaci ne ko ba masallaci ba ne? A nan magoya bayan aikin sun ɗan yi wasa da kalmomi. Wurin da ake tsayar da Juma'a da liman da mamu dubu, a wajen kowane Musulmi masallaci ne, ko da akwai wurin ninƙaya a samansa. Yawan nanata cewa "ba masallaci ba ne" ya sa kamar an yarda cewa in da masallaci ne, to da akwai laifi.

Limamin da ke gaba a aikin shi ne Feisal Abdul Rauf, ɗan asalin Masar da aka haifa a Kuwait, ɗan ɗariƙa, wanda ya yi limanci tun 1983 a Masjid al-Farah, ƴan layuka daga tagwayen benayen. Matarsa Daisy Khan ita ce mai magana da ƴan jarida. Sunan da suka fara sa wa aikin shi ne Cordoba House, wato Gidan Ƙurɗuba, don tunawa da zaman tare na Musulmi da Kirista da Yahudawa a Andalus. Daga baya aka sauya zuwa Park51.

## Wata biyar babu wanda ya ɗaga kai

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Jaridar New York Times ta ba da labarin shirin tun Disamban 2009, duniya ba ta tashi ba. A cikin watan ne Daisy Khan ta bayyana a tashar Fox News, gidan masu ra'ayin riƙau, inda Laura Ingraham ta yi hira da ita, har ta ce mata tana son abin da suke ƙoƙarin yi.

Ƙurar ta tashi ne a watan Mayun 2010, lokacin da aka kai maganar gaban majalisar unguwa. Wata marubuciyar intanet, Pamela Geller, da abokin aikinta Robert Spencer, masu wata ƙungiya da ta ce aikinta hana musuluntar da Amurka, suka ɗauki maganar da zafi. Jaridar New York Post ta karɓa, Fox ta karɓa, sunan "Masallacin Ground Zero" ya zauna daram. Majalisar unguwar, wadda shawara kawai take bayarwa, ta goyi bayan aikin da ƙuri'a 29, ɗaya ya ƙi, goma suka ƙaurace. Amma kafin nan magana ta bar hannun mazauna unguwa.

Sunan nan ya yi rabin aikin. Mutumin da ke zaune a Texas ko Ohio, wanda bai taɓa taka Manhattan ba, in ya ji shi, abin da zai zo masa a rai shi ne ƙubba a kan makabarta. Ba zai san cewa a layukan da ke kewaye da filin akwai mashaya da gidan caca da gidajen rawar tsiraici ba, waɗanda ba a taɓa yin zanga-zanga a kansu ba. Ba zai san akwai wani masallaci, Masjid Manhattan, layi huɗu daga filin, da ake sallah a cikinsa tun 1970 ba. Ba zai san cewa a hawa na 17 na benen kudu da aka rusa akwai ɗakin sallah ba, ko cewa a Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, daidai sashen da jirgi ya daka, an gina ɗakin ibada da Musulmi ke sallah a ciki.

Ga kuma lokaci. Zaɓen ƴan majalisa na tsakiyar wa'adi yana tafe a Nuwamban 2010, tattalin arziki bai farfaɗo ba, guguwar Tea Party, yunƙurin masu ra'ayin riƙau masu adawa da haraji, na kaɗawa, kuma binciken cibiyar Pew a watan Agusta ya nuna kashi 18 cikin ɗari na Amurkawa sun ɗauka Barack Obama Musulmi ne. Ruwa ba ya tsami banza.

## Su wane ne masu ra'ayin riƙau?

Kafafen labarai na Hausa kan yi amfani da "masu ra'ayin riƙau" ko "ƴan mazan jiya" ga mutane iri-iri, daga malaman Iran har zuwa jam'iyyar Conservative ta Birtaniya, shi ya sa kalmar kan rikita mai sauraro. A Amurka tana nufin wata haɗaka ce da ta taru a inuwar jam'iyyar Republican, musamman tun zamanin Ronald Reagan.

Akwai masu kare kasuwa da dukiya, waɗanda ke cewa gwamnati ta rage shiga sabgar mutane, kowa ya yi abin da ya ga dama da filinsa. Akwai masu addini, galibinsu Kiristoci ƴan bishara da Katolika, masu kukan cewa ana korar addini daga bainar jama'a. Akwai kuma ƴan tsaro, masu ganin Amurka na cikin yaƙi, dole ta nuna ƙarfi. Abin da suka ce ya haɗa su shi ne biyayya ga kundin tsarin mulki yadda waɗanda suka kafa ƙasar suka rubuta shi, da barin kowace jiha da kowane gari su yanke hukuncin abin da ya shafe su.

Mai karatu ya riƙe waɗannan huɗun: haƙƙin mallaka, ƴancin addini, ikon mutanen gari, da kundin tsarin mulki. A kansu sukar ta ginu.

Wani abin da zai ba wasu mamaki shi ne, kafin 2001 Musulmin Amurka da yawa sun fi jin daɗin wannan ɓangare, saboda batun iyali da tarbiyya da kasuwanci. Manyan ƙungiyoyinsu sun mara wa George W. Bush baya a zaɓen 2000. Shi kuma kwana shida bayan harin ya je Cibiyar Musulunci ta Washington ya ce Musulunci zaman lafiya ne. Gwamnatinsa ma ta taɓa tura Imam Rauf ƙasashen Larabawa ya yi bayanin rayuwar Musulmi a Amurka. Da Bush ya sauka, babu wani babba a jam'iyyar da ya ci gaba da riƙe wannan linzami.

## Me masu adawa suka ce?

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta raɗaɗi. Da yawa daga iyalan mamatan sun ce ba su musanta haƙƙin kowa ba, amma wurin makabarta ce a gare su, domin akwai mutum fiye da dubu da har yau ba a gano gawarsu ba. Maharan 19 sun yi kisan ne da sunan Musulunci, ko da ƙarya suke yi, don haka a matsa gaba kaɗan. Marubuci Charles Krauthammer ya kawo misalin wasu mata masu zaman zuhudu ƴan Katolika da suka kafa gidan ibada a gefen sansanin Auschwitz, inda ƴan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi, Yahudawa suka koka, har Fafaroma John Paul na Biyu ya umarce su su tashi a 1993. Ba don sun yi laifi ba, sai don kara. Ƙungiyar ADL, wadda aka kafa don yaƙi da ƙyamar Yahudawa, ita ma ta bi wannan layi a ƙarshen Yuli.

Wannan magana ce da ya kamata a saurara. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta CNN ta nuna kashi 68 cikin ɗari ba sa son aikin, kuma ba za a ce duk waɗannan maƙiya Musulmi ba ne. A wani binciken na Fox, mafi yawa sun ce masu aikin suna da haƙƙi, kuma mafi yawa sun ce bai dace ba. Har cikin Musulmi an samu masu wannan ra'ayi, irin su Abdulrahman al-Rashed, shugaban tashar Al-Arabiya a lokacin, wanda ya rubuta cewa ginin ba buƙatar Musulmi ba ce, fitina kawai zai jawo.

Sai dai ƴan siyasa ba a nan suka tsaya ba. Sarah Palin, tsohuwar gwamnar Alaska, ta yi kira ga "Musulmi masu son zaman lafiya" su yi tir da aikin, ta ce yana sukar zuciya. Newt Gingrich, tsohon kakakin Majalisar Wakilai, ya ce kada a gina masallaci kusa da filin muddin babu coci ko wurin ibadar Yahudawa a Saudiyya. Ya ce sunan Ƙurɗuba alamar cin yaƙi ce. Daga baya ya kwatanta aikin da ƴan Nazi su kafa allo a gefen gidan tarihin kisan Yahudawa. Rick Lazio, mai neman gwamnan New York, ya nemi a binciki inda kuɗin zai fito. Abokin karawarsa Carl Paladino ya yi alkawarin in ya ci zaɓe zai yi amfani da ikon gwamnati na ƙwace fili don amfanin jama'a ya karɓe wurin.

## Inda aka kama su

A ɗauki haƙƙin mallaka. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Kelo cewa gari na iya ƙwace gidajen mutane ya ba ƴan kasuwa don raya birni. Masu ra'ayin riƙau sun yi ca, suka ce fashi ne da rana tsaka, jihohi da dama suka sauya dokokinsu. Shekara biyar bayan haka ga ɗan takararsu na gwamna yana tallata ƙwace filin da mutum ya saya da kuɗinsa, ana tafa masa. Kuma shi ya ci zaɓen fid da gwani.

Haka dabarar neman a sa ginin cikin gine-ginen tarihi don a hana rushe shi. Waɗanda a kullum ke kukan cewa irin waɗannan dokoki suna ɗaure hannun mai gida, su ne suka gano cewa tsohon kantin tufafi abin tarihi ne. Hukumar adana gine-ginen ta zauna ranar 3 ga Agusta, duka mambobi tara da suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi. Wa ya kai ƙara? Ƙungiyar lauyoyi ta ACLJ, wadda mai wa'azin Kirista Pat Robertson ya kafa, wadda ta yi suna wajen kare coci-coci daga hukumomin gari masu hana su gini. Kotu ta kori ƙarar a 2011.

Ƴancin addini kuwa, gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791 ya hana gwamnati kafa addini ko hana yin sa. A 2000 majalisa ta ƙara da wata doka da ake kira RLUIPA, wadda ta hana hukumomin gari fakewa da dokar tsara birni su danne wuraren ibada. Sanata Orrin Hatch ɗan Republican da Ted Kennedy ɗan Democrat ne suka kawo ta, ba a samu mai adawa ba, kuma Kiristoci masu ra'ayin riƙau ne suka fi matsa lamba a yi ta. Masu suka suka ce: ashe dokar ta coci ce kaɗai?

Ikon mutanen gari fa? Majalisar unguwa ta yarda. Magajin gari Michael Bloomberg ya yarda. Binciken jin ra'ayi ya nuna mazauna Manhattan sun fi sauran sassan ƙasar goyon baya. Manyan masu adawa kuwa, Palin daga Alaska take, Gingrich daga Georgia.

Maganar Gingrich ta Saudiyya ce ta fi ba ni mamaki. Mutumin da ke alfahari cewa Amurka ta fi kowace ƙasa, shi ne yake cewa ta auna ƴancin ƴan ƙasarta da mudun wata masarauta. Direban tasi ɗan Bangladesh ko mai sayar da kaya ɗan Senegal da ke neman inda zai yi Juma'a a Manhattan, ina ruwansa da dokar Riyadh? Ba ɗan Saudiyya ba ne, ba shi ya rubuta ta ba. An mai da shi jingina ne kawai.

Mu ma kada mu yi dariya da yawa, domin laifi tudu ne. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa ƴancin addini, amma Kiristoci a wasu jihohin Arewa sun daɗe suna kukan ba a ba su takardar mallakar filin coci, Musulmi a wasu sassan Kudu maso Gabas na irin wannan kuka game da masallaci. Kowane ɓangare in aka tuhume shi sai ya ce "ai su ma can ba sa barin namu". Maganar Gingrich ce sak, da wani harshe.

Sai kuma hujjar tazara. In matsalar kusanci ce, layi nawa ya isa? Babu wanda ya ba da amsa. A bazarar 2010 ɗin an yi ta zanga-zangar hana masallatai a Staten Island da Brooklyn, a Temecula ta California, a Sheboygan ta Wisconsin. Mafi muni ita ce ta Murfreesboro a jihar Tennessee, fiye da kilomita 1,000 daga New York, inda Musulmi suka yi kusan shekara 30 suna zaune lafiya. Da suka samu izinin gina sabon masallaci a 2010, aka cinna wa motocin aikin wuta, aka kai ƙara kotu, lauyan masu ƙara ya tsaya yana jayayya cewa Musulunci ba addini ba ne, tsarin siyasa ne. Sai da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar da takarda tana tabbatar wa kotu cewa Musulunci addini ne. Babu makabartar kowa a Murfreesboro.

Ko hujjar raɗaɗi, in aka tona ta, akwai abu a ƙarƙashinta. Ginin ba zai yi ciwo ba sai in an ɗauka cewa masu sallah a cikinsa da masu harin abu guda ne. Alhali akwai Musulmi da dama cikin mamatan, har da Salman Hamdani, matashi mai aikin agajin gaggawa da ya ruga don ceto, aka yi ta zarginsa da hannu a harin kafin a gano gawarsa. Iyalan mamatan ma ba bakinsu ɗaya ba, akwai ƙungiyarsu da ta fito fili ta goyi bayan aikin.

Batun kuɗi ma ya zo da abin dariya. A wani shirin safe na Fox an yi ta nuni da cewa wani attajirin Saudiyya mai hatsari na iya zuba kuɗi a aikin. Attajirin shi ne Yarima Alwaleed bin Talal, wanda a lokacin yana cikin manyan masu hannun jari a News Corporation, kamfanin da ya mallaki Fox ɗin.

## Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Duk wanda ya ce masu ra'ayin riƙau kaf suka yi wannan ɓaram-ɓarama bai yi adalci ba. Ron Paul, ɗan Majalisar Wakilai na Republican a lokacin, ya fito ya ce ƴan uwansa sun yi watsi da haƙƙin mallakar da suke wa'azi, ya ce ƙyamar Musulunci ce ake hurawa don a ci gaba da yaƙe-yaƙe. Orrin Hatch ya ce in filinsu ne suna da haƙƙin gini, ya tuna yadda ake hana mabiya ɗariƙarsa ta Mormon gina wuraren ibada. Ted Olson, babban lauyan gwamnatin Bush, wanda matarsa ta mutu a jirgin da ya daki Pentagon, ya goyi bayan ƴancin masu aikin. Lauyoyin ƙungiyar Becket mai kare ƴancin addini, waɗanda ake lissafawa a ɓangaren masu ra'ayin riƙau, su suka tsaya wa masallacin Murfreesboro har aka buɗe shi a Agustan 2012.

Ƴan Democrat kuwa, da yawansu sun lafe. Obama ya yi magana mai ƙarfi a buɗa-bakin Fadar White House ranar 13 ga Agusta, ya ce Musulmi na da haƙƙin gina wurin ibada a filinsu a kudancin Manhattan kamar kowa. Washegari ya ce shi haƙƙi ya faɗa, bai ce komai kan hikimar yin ginin a can ba. Harry Reid, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawa, wanda ke fuskantar zaɓe mai zafi a Nevada, cewa ya yi a kai shi wani wuri. Wanda ya tsaya ƙyam shi ne Bloomberg, Bayahude, attajiri, tsohon ɗan Republican. A jawabinsa ya tuna wa mutanen garin cewa a shekarun 1650 an hana Yahudawa gina wurin ibada a wannan tsibiri, daga baya aka hana Katolika yin ibadarsu a fili.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu aikin sun sanar da ginin dala miliyan 100 ba su da kuɗin, ba su zauna da iyalan mamatan tun farko ba, ba su ma tuntuɓi manyan ƙungiyoyin Musulmi yadda ya kamata ba. Da aka tambaye su ko za su karɓi kuɗin ƙasashen waje, suka yi ta kwana-kwana. Imam Rauf yana da tsohuwar magana ta 2001 da ya ce manufofin Amurka sun taimaka wajen aukuwar harin, aka tono ta. Ana tsakiyar rigimar kuma ya tafi rangadin ƙasashen Tekun Fasha da gwamnati ta tura shi, ya bar fili ga abokan hamayya na tsawon makonni.

## Wa ya ji a jikinsa?

Ba Gingrich ba, ba kuma El-Gamal ba. A ƙarshen Agusta wani fasinja ya tambayi direban tasi a Manhattan ko shi Musulmi ne, da ya amsa, ya yanke shi da wuƙa a wuya da fuska. Ƙididdigar hukumar FBI ta nuna laifukan ƙiyayya ga Musulmi sun tashi daga 107 a 2009 zuwa 160 a 2010. Ƙaramar sallar shekarar ta faɗo ranar 10 ga Satumba, masallatai da yawa suka rage shagali don kada a ɗauki hotonsu a ce murnar harin suke yi. Wani fasto a Florida, Terry Jones, mai mabiya ƴan ƙalilan, ya yi barazanar ƙona Alƙur'ani, ya ɗaura janyewarsa da batun matsar da ginin. Ya aikata a Maris na 2011, a zanga-zangar da ta biyo baya a Mazar-i-Sharif ta Afghanistan aka kashe ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya bakwai.

A siyasance kuwa cinikin ya yi riba. Republican ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai, kodayake tattalin arziki ne babban dalili. A ranar zaɓen, kashi 70 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Oklahoma suka amince a haramta wa kotunan jihar duba shari'ar Musulunci, abin da babu kotun da ke yi dama, kotun tarayya ta soke daga baya. Donald Trump, wanda a Satumban 2010 ya yi tayin sayen hannun jarin ɗaya daga masu ginin don a kashe maganar, shi ne a Disamban 2015 ya nemi a rufe ƙofar Amurka ga Musulmi baki ɗaya. Dokar hana shiga da ya sa wa hannu a 2017 ta haɗa da Sudan, daga baya Chadi ta shiga na ɗan lokaci, a 2020 aka hana ƴan Najeriya bizar zama ta dindindin. Ta nan rigimar wani titi a Manhattan ta iso ƙofar gidajenmu.

A gefe guda, dokar RLUIPA ta 2000 ta yi wa Musulmi rana. Garin Bernards a New Jersey, wanda ya yi shekaru yana jan ƙafa kan izinin wani masallaci, sai da ya biya dala miliyan 3.25 a 2017, aka kuma ba da izinin.

## Me ke wurin yanzu?

Ana gama zaɓen 2010 maganar ta mutu kamar an yi ruwa an ɗauke. A Janairun 2011 Imam Rauf da El-Gamal suka raba gari. A Satumban shekarar aka buɗe ƙasan tsohon ginin da baje kolin hotunan yaran New York ƴan asalin ƙasashe daban-daban, babu zanga-zangar a-zo-a-gani. Kuɗin bene mai hawa 13 bai taɓa samuwa ba. A 2014 aka rage buri zuwa gidan tarihin Musulunci mai hawa uku da wurin sallah, a 2015 aka rushe tsohon kantin.

Abin da ya tashi a filin shi ne benen gidajen alfarma mai hawa 43, da bashin bankunan Malesiya da Kuwait bisa tsarin kuɗi na Musulunci. Shi ma aikin ya tsaya cak a wajajen 2019, masu bin bashi suka garzaya kotu. A Satumban 2021, ana cika shekara 20 da harin, shugaban ADL Jonathan Greenblatt ya rubuta cewa ƙungiyarsa ta yi kuskure a matsayin da ta ɗauka a 2010, ya nemi afuwar Musulmi.